Abin da Kowa Ya Ɓoye a Ƙasan Tukunya

Shugaban majalisar ƙauyenmu, lauyarmu Mariamma Kurian da muka sa wa furfura a wata ɗaya, 'yan'uwana masu magani na gundumar Palakkad, da ku da kuka zo don shayi da soyayyar ayaba, ni Bhargavi ina gaishe ku baki ɗaya, ina kuma godiya.

Na farko, kun san wani kamfani a ƙetaren teku ya ce shi ya ƙirƙiro man ciwon gwiwa na kurkum da kwakwa. Nan da kwana tara, in ba mu kai shaida a rubuce cewa namu ne tun kaka da kakanni ba, man da kakata ta shekara sittin tana dafawa zai zama nasu, jikata Sreeja kuma sai ta nemi izini kafin ta ɗora tukunya. Wallahi raina ya ɓaci.

Na biyu, laifinmu ne. Mu arba'in da uku muka rubuta yadda ake haɗa shi, kowa kuma ya yi abin da aka koya masa a gida: ya rage abu guda, don kada maƙwabci ya gaje shi. Kamfanin ya nuna takardunmu ya ce, "Ga shi, namu akwai abin da babu a nasu."

Shekaranjiya na je wurin Velayudhan mai magani, wanda muka shekara talatin muna hararar juna a kasuwa. Na ce, "Kai tsoho, me ka ɓoye?"

Ya ce, "Haba Yaya! Na rantse wa babana yana kan gargara ba zan faɗa ba. Ke ki fara."

Na ce, "Sai dai mu faɗa tare, munafuki."

Muka ƙirga uku, muka faɗa. Masoro! Ni masoro, shi masoro. Na zagaya gida goma sha ɗaya, kowa ya rufe taga, ya kori kaji, ya raɗa mini masoro. Jama'a, zuriya bakwai muna ɓoye wa juna abin da ke cikin miyar kowa, shi ne kuma abin da kamfanin ke cewa ya gano.

Na uku, ga tebur can da takardu. Kowa ya cike tasa, har da masoron, kafin ya taɓa shayi.

Ubangiji ya ƙara mana lafiyar gwiwa, ya mai da kowa gida lafiya, ya jiƙan kakanninmu. Kaka, ki yafe mini, na tona. Amma ke ma da kin tambayi maƙwabciyarki.

Na gode.