Wayar Hon

Wani direba ya ci birki a ƙofar shagon mai wayarin mota, ya fito.

"Malam, me ka yi wa sitiyarina? Na danna hon, sai rediyo ta ƙara murya!"

"Maigida, kai ka nace maɓallan sitiyari su yi aiki da sabuwar rediyo, ka kuma ƙi sayen na'urar haɗi. Wayar hon na ara."

"Aro? Tsoho na tsallaka titi, ina dannawa, waƙa na tashi!"

Mai wayarin ya kalli fasasshiyar fitilar gaba. "Ka kai shi asibiti?"

"Kai dai mayar min da wayar. Yanzu!"

Sai ga wani ya diro daga babur yana huci, ya duba lambar motar.

"Wane ne direban wannan?"