Akwatin da ke Kuka da Azahar

A tashar Karaye, Mijinyawa mai gyaran rediyo ya zauna kusa da wani dattijo mai rungume da ƙonannen akwatin ƙarfe.

"Sannu, Baba. Wannan ai injin juya wutar batir ne."

"Na ɗana Shitu ne, da shi yake nuna bidiyo a Rogo. Kullum da azahar sai injin ya yi kuka, ya kashe kansa."

"Zafi ne, Baba. Haka aka ƙera shi, ya ɗauke wuta kafin gobara ta tashi."

"Ashe kun sani. To wani mai gyara ya cire abin da ke kashe shi, ya ɗaura waya. Gobara ta cinye rumfar bidiyon, har da Shitu."

"Innalillahi! Ai sai da na ce wa Shitu..." Mijinyawa ya haɗiye sauran maganar.

Dattijon bai ko dube shi ba. "Tun sadakar bakwai injin ya dawo da kukansa, ba batir, ba waya. Ni dai bin sa nake, gari gari. Inda ya fi ƙara, nan nake sauka."

Ladan ya kira azahar. Akwatin ya tsandara kuka, ya ƙi tsayawa.

"Ashe mun iso," in ji dattijon.