Takardun da Na Kai wa Mai Ƙosai

Ina gaishe ku, 'yan'uwana matan zumunta, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Maigidana, Baban Ladi, malamin lissafi ne a sakandare. Shekara biyu ke nan yana jigila daga Muchia zuwa Samaru, yana digiri na biyu kan koyar da lissafi. A aikinsa na ƙarshe ya gwada wata hanyar koyarwa a kan 'yan ajinsa, ya yi musu jarrabawa, saura ya tattara makin ya kai wa malamin da ke duba aikinsa.

To, kun san mu matan malamai, ba ma zubar da tsohuwar takarda. Ni maƙwabciyarmu Iya Talatu nake ba, tana ƙunshe ƙosai. Ran wata Asabar ina shara na ga kwali a ƙarƙashin gado, cike da takardun yara. Ban tambaya ba, na kinkima na kai mata.

Da yamma Baban Ladi ya leƙa ƙarƙashin gadon, ya ce, "Maman Ladi, ina kwalin nan? Ran Juma'a zan kai makin yaran."

Na ce, "Ban gani ba."

Ƙarya, 'yan'uwa! Da bakin nan da nake waƙar yabo!

Yaran 'yan ajin ƙarshe ne, sun gama sun watse, ba damar sake jarrabawa. Kwana uku bawan Allah yana birkice ɗaki da ofis, yana zargin kansa da mantuwa. In na ajiye masa tuwo sai ya rufe. Ni kuwa duk wanda ya wuce da ƙunshin ƙosai, sai in bi takardar da kallo. Ko ƙofar Iya na kasa bi, don tsoron abin da zan ji.

Ran Laraba da safe na durƙusa a kicin, na ce, "Yesu, takardun dai ban sani ba, amma ƙaryar nan ka cire mini ita." Na tashi na je na faɗa wa maigidana gaskiya.

Ya ce, "Ɗaura ɗankwalinki, mu je."

Iya na jin bayani ta kwashe da dariya. "Malam, masu jan biron nan? Biyu na gwada, jan ya narke a mai, wani ya dawo mini da ƙosai wai jini ne. Kai ma ka rage jan biro, yaran mutane ne!" Ta jawo kwalin daga bayan buhun wake.

Haleluya! Nan gaban kasko na fashe da kuka.

Ran Juma'a ya kai aikinsa, ya faɗi gaskiyar biyun da suka ɓata, aka karɓa.

Na gode wa Ubangiji da ya tsare takardun, ya kuma kwance mini harshe. 'Yar'uwa, in akwai abin da kike ɓoyewa yana cin ki, ki kai wa Yesu yau, ki dogara gare shi, kada ki kai Laraba kamar ni. Amin.