Filo Biyu Ba Ciniki

A rumfar mai katifa a kasuwar Tarauni na ji wannan. Wani magidanci ya ɗauki filo biyu, ya biya bai taya ba.

"Malam, ko tayi babu?" in ji mai katifar. "Amarya ka yi?"

"Wace amarya, Baba? Arziki na taka. Dako nake yi, muna sauke akwatunan injina a Gyaɗi-Gyaɗi. Wani farin abu suke cusawa a ciki kamar auduga. Na cika buhu na kai gida, na ce matata Rifkatu ta ɗura wa yara filo."

"Banza ta faɗi ke nan."

"Ta ƙi! Wai auduga ba ta ƙaiƙayi. Ta ɗaure buhun ta jefa bayan ɗaki. Har abincinta na ƙaurace wa."

"Sai kuma?"

"Jiya injiniyan wurin ya ce asbestos ne. Ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, sai bayan shekaru ta zama ciwon daji. Da takunkumin fuska mutanensa suka zo suka ɗauke buhun. Ka duba fa, a kai yarana za su riƙa kwana!"

"Subhanallahi! To kai da ka kwasa da hannu?"

Mutumin ya gyara riƙon filonsa.

"Likita ya ce yanzu dai ƙirjina lafiya, amma in riƙa zuwa. Yaran dai ba su shaƙa ba."

"Allah ya kiyaye gaba. Ka gaya mata ita ce da gaskiya?"

"Haba Baba! To filon nan na mene ne?"