Ranar da Maƙwabciyata ta Tambayi Sunan 'Yata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Rabi ce daga Tandabawi, a nan Makka.

Shekara da shekaru maƙwabciyata Balarabiya ba ta taɓa kiran sunana ba. Kullum "ya takruniya" take ce mini, yadda suke kiran baƙar fata. Ni kuwa in amsa, in haɗiye.

Makon jiya sai ga ta har ɗakina da takardar asibiti. Ashe ba ta iya karatu ba, 'ya'yanta kuma suna Jidda. 'Yata Hafsatu ta karɓa ta karanta mata tsaf, ta nuna mata maganin safe da na rana. Sai tsohuwar ta ce, "Yarinya, yaya sunanki?"

Wallahi daɗi na ji, ban tuna mata da baya ba. Damuwata ɗaya ce: Hafsatu ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, makarantar gaba ba za ta karɓe ta ba. Masu sauraro, ku ba ni shawara. Yarinyar da karatu ya sa aka tambayi sunanta, ina zan kai ta ta ci gaba?