Turmin da Bahago Ya Ƙi Fitowa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, shugaban ƙungiyarmu ta dambe da 'yan kwamitinsa, likitar da ta baro marasa lafiyarta ta zo ta zauna da mu, 'yan uwana alƙalai, masu horarwa, 'yan dambe manya da masu tasowa, iyayenmu mata da ke layin gaba, da jama'ar da suka cika zauren nan har bakin ƙofa, ina gaishe ku gaisuwar mutumin da aka sauke wa dutse daga ƙirji.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana yau. Ina gode wa kwamiti da ya yarda in yi magana kafin ya yanke hukunci, duk da sun san ni, in na riƙe makirifo sai an ƙwace. Yau dai zan kamanta.

Ga waɗanda ba su san abin da ya tara mu ba: mako shida da suka wuce, Bahago da Dogo suka kara a damben kambu, turmi takwas. An yi bakwai. Da aka buga ƙararrawar na takwas, Bahago ya zauna a kan kujerarsa, ya tofar da robar bakinsa, ya ce ba zai fito ba. Aka ɗaga hannun Dogo. Dokarmu kuwa ta ce ɗan damben da ya bar wasa ba da umarnin likita ba, ba da raunin da ido ya gani ba, za a karɓe lasisinsa shekara biyu. Bahago shekarunsa talatin da ɗaya. In aka karɓe, damben ya ƙare ke nan. Rahoton da ya nemi a karɓe ɗin, ni na rubuta shi, ga shi a aljihuna.

Na farko, bari in gaya muku yadda muke aiki, don da yawanku kun ɗauka barci muke yi a bakin igiya. Mu uku ne, kowa da gefensa, ba mai magana da wani. Wanda ya ci turmi a ba shi maki goma, ɗayan tara. Ana gama turmi alƙalin tsakiya zai bi ya karɓe takardun makinmu, ya miƙa wa teburin masu tattarawa, ba ɗan damben da zai san makinsa sai an tashi. Naushin da ya shiga muke ƙirgawa, da wanda aka kare, da wanda ya mallaki fage. Shekara ashirin da bakwai ina wannan aiki, kuma ina alfahari da idona. A ranar, turmi shida cikin bakwai na ba Bahago. Abokan aikina biyu, ɗaya shida, ɗaya biyar. Kambu yana hannunsa, jama'a, minti uku kacal ya rage!

Shi ya sa da ya ƙi tashi raina ya ɓaci. Kun yi masa ihu, kun jefe shi da gorunan ruwa, wani daga sama yana kiransa rago. Ni ban yi ihu ba, nawa ya fi naku muni. Na zauna a ofis, na ɗauki biro, na rubuta cewa ya gudu, ya ci mutuncin wasa, a yi maganinsa don na baya su ji tsoro. Ko kiransa ban yi ba in ji ta bakinsa.

Na biyu, ga abin da idon nan nawa bai gani ba. A tsakiyar turmi na bakwai, su biyun suka rungumi juna a jikin igiya, kamar yadda 'yan dambe ke yi in numfashi ya yi wuya. A nan Dogo ya sa baki a kunnen Bahago ya ce masa, "Yaya, an tashi daga makaranta ne?" Mutumin da ya bar makaranta shekara goma sha biyu da suka wuce! Bahago ya dube shi, ya ga ƙwayar idonsa ɗaya ta fi ɗaya girma. Ya juya ya ce wa alƙalin tsakiya, "Malam, duba shi, ba lafiya ba." Hayaniya ta yi yawa, alƙali ya ɗauka ƙorafi yake yi, ya raba su ya ce a ci gaba. Ban ga laifinsa ba, domin Dogo yana tsaye da ƙafafunsa, hannunsa a sama, har naushi yake kaiwa. Ni da kaina na ƙirga masa biyu masu kyau a wannan turmin.

Da aka koma kusurwa, Bahago ya ce wa mai horar da shi a je a gaya wa mutanen Dogo. Aka je. Suka ce dabara ce, wai mai jin jiki ne ke neman hanyar tsira. Minti ɗaya ake hutawa, kun sani. To, me ya rage masa? Ya san abu guda: in wasa ya tsaya, dole likita ta hau ta duba su duka biyun. Sai ya tsayar da shi da kansa.

Likita ta hau, ta haska idon Dogo, ba ta ko bari ya sa riga ba. Jini ne ke taruwa a cikin kansa. Kafin la'asar ta wuce an shiga da shi tiyata. Makon jiya ta gaya wa kwamiti, kuma ga ta nan, in na yi ƙari ta tsayar da ni: naushi ɗaya mai kyau a turmi na takwas, da ba wannan taron muke yi ba.

Da na ji haka na kira Bahago ofis, kunya kamar in nutse. Amma halin tsufa, sai da na nemi inda zan fake. Na ce, "To, ɗana, ai kana gaba da maki. Me ya hana ka fito ka yi ta zagaye minti uku ba tare da ka taɓa shi ba?" Ya ce, "Baba, ni na ga takardarku? Kuma ko na gani, shekara goma sha huɗu ana koya wa hannun nan cewa in ya ga ƙofa ya shiga. Dogo zai biyo ni, zai buɗe fuska. Ban yarda da hannuna ba, shi ya sa na zauna a kansa."

Na uku, ga Dogo can kusa da mahaifiyarsa, da hula a kan ɗinkin. Hajiya, barka da arziki, Allah ya ƙara sauƙi. Ya rame, amma bakin nan yana nan. An ce da ya farfaɗo ya tambayi wa ya ci, aka ce shi ne, sai ya ce, "Ni? A hannun Bahago? Ku ji tsoron Allah, ina kwance kuna min tsiya." Ku yi dariyarku, jama'a, mun daɗe ba mu yi ba. Ba zai sake hawa fage ba, likita ta hana. Amma jiya da ƙafarsa ya raka 'yarsa makaranta.

Sakamakon wasa ba zai sauya ba, kuma bai kamata ya sauya ba. Wanda bai fito ba ya faɗi, haka doka take, littafi zai nuna Dogo ya ci. Abin da nake roƙon kwamiti biyu ne. A ba ɗan dambe damar kiran likita da bakinsa, ko don kansa ko don abokin karawarsa, kada a sake barin mutum sai ya zubar da kambu kafin a saurare shi. Sannan hukuncin Bahago a kan rahotona ya dogara, in babu rahoto babu ƙara. Shugaba, ga shi. Na janye shi, kuma a gabanku nake yaga shi.

Bahago, tashi jama'a su gan ka. Tashi mana, yau ba mai jifan ka. Ɗana, na kira ka matsoraci a rubuce, da sa hannuna a ƙasa, alhali kai kaɗai ne a cikinmu ka ga mutum a ranar. Ka yafe mini.

Allah ya ƙara wa Dogo lafiya, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa. Allah ya saka wa likita da alheri. Allah ya tsare 'ya'yanmu duk lokacin da suka tsallaka igiya, ya sauko mana da su da ƙafafunsu. Mu kuma masu biro, Allah ya ba mu haƙurin tambaya kafin mu rubuta. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.