Tagar da Na Buɗe da Hannuna

Salama gare ku, matan zumunta, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Ni ce Rifkatu ta Nasarawo. Kun san ni, kun san bakina. Sai da na yaye auta na shiga ajin yaƙi da jahilci, yau ga ni da furfura a ajin ƙarshe na injiniyan lantarki. Karatun nan ya sa mini girman kai, ba zan ɓoye ba.

Aikinmu na kammalawa, ni da Saratu, sa'ar 'yata, shi ne aika saƙo ta haske. Fitilu uku suna ƙyaftawa, kowacce da saƙonta, na'ura ɗaya tana karɓa. Salon ƙyaftawa biyu muke gwadawa, mu ƙirga kurakuran kowanne, mu ga wanda ya fi. In Saratu ta gwada, lafiya lau. In ni na zo da safe, kuskure birjik, ba ka gane na kirki. Malaminmu ya ce in sakamakon bai daidaita kafin Juma'a ba, sai baɗi.

Sai na ce Saratu ce ke taɓa mini wayoyi. A gaban mutane na ce mata, "Ke, yaushe aka haife ki?" Ta ce, "Mama, Allah ya sani ban taɓa ba." Ta fita tana kuka.

Ran Laraba da safe na shiga ɗakin gwaji, na zuge labule, na wangale taga kamar kullum. Ba na zaman ɗaki a rufe, tun ina yarinya uwata ta ce wannan na majinyaci ne. Na durƙusa na ce, "Ubangiji, tona asirin mai ɓata mini aiki!"

Idona a rufe, na ji rana tana dukan fuskata. Na buɗe. Ga hasken ya sauka daidai kan idon na'urar, ya shanye na fitilun.

Ubangiji kuwa ya tona. Ashe ni ce!

Na ja labule, na sake gwadawa. Kurakurai suka ragu, bambancin salon biyu ya fito sarai. Halleluya!

Na tari keke har gidan su Saratu a Pantami, na durƙusa wa yarinyar nan. Ta ce, "Haba Mama, tashi mana! Na yafe. Amma daga yau labule aikina ne."

Ran Juma'a muka miƙa aiki tare.

Na gode wa Ubangiji da ya cece ni daga bakina. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, ku kai masa ƙara. Amma ku shirya, wataƙila sunanku zai fara kira.